Tarihin Hukumar Zari-Ruga ta Nijeriya: Jinkar da Ta Riga Bango

 Yau za mu ɗan ajiye maganar kasuwa da ta gari, mu leƙa wani wasa da yawancinmu a talabijin kawai muke ganinsa, wato ƙwallon zari-ruga. Da yawa daga cikinmu za su yi mamaki idan suka ji cewa Nijeriya tana da ƙungiyar ƙasa a wannan wasa, tana da hukumar da ke kula da shi, kuma akwai kulob-kulob da ke buga shi a Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Wato dai a garuruwan da muke zuwa sarin kaya duk mako. Tarihin wannan hukuma gajere ne, amma akwai darasi a cikinsa ga duk wanda ya taɓa shiga ƙungiya, ko ta 'yan kasuwa ce, ko ta samarin unguwa.

Yadda wasan yake

Bari mu fara da wasan kansa, saboda mai karatun da bai san shi ba. Ƙwallon ba zagayayye ba ne kamar na ƙafa, mai tsawo ne kamar ƙwai. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80, rabi da rabi. Ana ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da shi, abokin hamayya kuma yana da damar ya kama mai ƙwallon ya kayar da shi ƙasa. Babbar doka ita ce ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya kai ƙwallon bayan layin abokan hamayya ya danna shi a ƙasa ya ci maki 5, sannan a ba su damar bugawa ta saman sandar raga, idan ta shiga a ƙara musu 2. Bugun laifi kuwa maki 3 ne. Akwai kuma wani turereniya da ake yi, inda ƙarti 8 daga kowane ɓangare suke sarƙe kafaɗu su haɗa kai suna ture juna a kan ƙwallon. Wanda ya san kokawa, ya kuma yi langa yana yaro, ba zai sha wahalar gane abin da ake yi ba.

Akwai ƙaramin nau'insa na mutum bakwai-bakwai, wanda ake yi minti bakwai a juya a ƙara bakwai. Shi ne aka shigar gasar Olamfik a 2016, kuma shi ya fi sauƙin shiryawa ga ƙasashe irin tamu.

Asalin hukumomin wasan

Sunan wasan na Turanci daga wata makaranta ya fito a garin Rugby na ƙasar Ingila. Ɗalibanta ne suka fara rubuta dokokinsa a 1845. Da suka gama karatu suka bazu cikin ƙasa, sai suka riƙa kafa kulob a duk inda suka sami kansu. Da kulob-kulob suka yi yawa, kowa da irin dokarsa, sai wakilan guda 21 suka zauna a wani gidan cin abinci a Landan ranar 26 ga Janairu 1871, suka kafa hukumar da ake kira RFU. Wata biyu bayan haka aka buga wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa, Sikotlan da Ingila, a birnin Edinbara. A 1886 kuma Sikotlan da Ailan da Wales suka kafa hukumar duniya, Ingila ta shigo a 1890. Ita ce tun 2014 ake kira World Rugby.

Mai karatu ya lura da jerin nan. Makaranta ce farko, sai kulob, sai hukumar ƙasa, sai ta duniya. Kowane mataki na ƙasa shi ya haifi na samansa, domin ya ga yana buƙatarsa. Har yau ɗin nan kulob-kulob ɗin Ingila su ne masu hukumarsu, su ke da ƙuri'a a babban taronta.

Sai dai tun da wuri aka sami ɓaraka, kuma kan maganar kuɗi ce. A arewacin Ingila yawancin 'yan wasan leburori ne na masaƙu da ramukan kwal. Ranar Asabar da za su buga wasa, ranar aiki ce a gare su, idan ba su je ba babu lada. Kulob-kulob ɗinsu suka nemi a yarda a riƙa biyan ɗan wasa kuɗin yinin da ya rasa. Manyan Landan, waɗanda 'ya'yan masu hali ne, suka ce atafau, wasa don sha'awa ake yi. A watan Agusta 1895 kulob 22 suka ɓalle a garin Huddersfield suka kafa tasu hukumar, wadda daga baya ta zama wani wasa daban mai mutum 13. Ita kuwa uwar hukumar ta ci gaba da haramta biyan 'yan wasa har shekara 100 cur, sai a 1995 aka janye dokar. Duk ɗan tiredan da ya taɓa rufe shago yini guda ya san abin da leburorin nan suke faɗa. Wasan da ba a yarda a biya mutum yininsa ba, sai wanda ya ƙoshi.

Me ya sa bai kama ƙasa a nan ba?

Da wannan hali na 'yan gata wasan ya iso Nijeriya a hannun Turawan mulki. Wasanni da yawa suka zo da su, amma idan muka duba za mu ga kowane wasan da ya rayu, sai da ya sami ɗan ƙasa da ya ɗauke shi ya mai da shi nasa.

Holo, wato ƙwallon doki, ya sami sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, gidansa ya riƙe shi, shi ya sa har gobe ana yinsa a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya. Wasan fayif, na buga ƙaramin ƙwallo a bango da tafin hannu, ya sami Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921. Ɗalibanta, ciki har da Sardauna Ahmadu Bello, suka tafi da shi duk inda aiki ya kai su. Ƙwallon ƙafa kuwa ma'aikata ya samu: 'yan reluwe, 'yan jiragen ruwa, 'yan sanda, ma'aikatan kuza na Jos. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyar reluwe ta Legas tana cikin waɗanda suka fi cin kofin a shekarun farko. A 1949 har an tura 'yan wasan Nijeriya Ingila, yawancinsu ba takalmi suka buga. Mu mutanen Kafanchan mun fi kowa sanin wannan hanya. Tun da layin dogo na Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a nan a 1927, jirgin da ya kawo ma'aikata da fatake shi ya kawo ƙwallon ƙafa, ya zauna daram.

Zari-ruga bai yi wannan sa'a ba. Ya tsaya a kulob ɗin Turawa da na ma'aikatan kamfanoninsu, da 'yan tsirarun makarantu da barikoki. Ga kuma matsalar ƙasa. Ƙwallon ƙafa ko da lemon tsami ko ƙullin tsumma yara za su buga shi a kan tsakuwa. Wasan da ake kayar da mutum kuwa yana son ciyawa, kuma filayen Arewa da rani kamar daɓe suke. Da Turawa suka fara raguwa bayan 1960, sai wasan ya ragu tare da su. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kafa hukumar

Wasan farko da ƙungiyar Nijeriya ta buga da wata ƙasa a Nairobi ne, a 1987, da Zimbabuwe. An ci mu maki sama da 100. Ba abin mamaki ba ne, domin a wannan shekarar Zimbabuwe ta halarci gasar cin kofin duniya ta farko, kuma can wasan ya daɗe da shiga makarantu.

Sai bayan shekara 11, wato a 1998, aka kafa hukumar da muke da ita yanzu, Nigeria Rugby Football Federation, ana taƙaita ta da NRFF. A 2001 ta sami shiga hukumar duniya. Tana kuma ƙarƙashin hukumar nahiyar Afirka, wadda aka kafa a Tunis a 1986, aka sake mata suna Rugby Africa a 2014. A 2023 wani mutumin Gana, Herbert Mensah, ya zama shugabanta, abin da ya nuna Afirka ta Yamma ta fara samun baki a harkar. Ƙungiyar ƙasa ta maza ana yi mata laƙabi da Black Stallions, wato baƙaƙen ingarmu.

A takarda tsarin yana da kyau. Daga ƙasa akwai kulob da makarantu. Samansu akwai ƙungiyar wasan ta kowace jiha, wadda ke jingine da hukumar wasanni ta jihar. Jihohi an kasa su shiyya shida kamar yadda aka kasa su a siyasa, kowace shiyya tana tura wakili majalisar gudanarwa. Bisa ƙa'idar da ma'aikatar wasanni ta riƙa gindaya wa irin waɗannan hukumomi, ana ƙara wakilin 'yan wasa, da na masu horarwa da alƙalai, da ta mata, da na sojoji da sauran masu kaki, da na masu ɗaukar nauyi. Su ne ke zaɓen shugaba da mataimakinsa, wa'adi shekara huɗu. Aikin hukumar shi ne shirya gasa, horar da koci-koci da alƙalan wasa, zaɓen 'yan wasan ƙasa, da wakiltar Nijeriya a waje.

To, ina matsalar take? A Ingila kulob 21 ne suka zauna suka haifi hukuma. A nan kuwa an kafa hukuma mai kujerun shiyya shida a lokacin da wasan yake raye a garuruwa 'yan ƙalilan. Sai ya zama akwai kujerar da babu fili a bayanta. An ɗora jinka tun ba a gama bango ba, shi ya sa dole a nemo abin da zai tokare ta. Abin da ya tokare ta kuwa abu biyu ne: gwamnati, da aljihun wasu 'yan tsirarun masu sha'awa.

Iyayen gida biyu

Daga nan rigima take tasowa, kuma duk hukumomin wasanninmu suna fama da ita. Gwamnati tana cewa ni ke ba da ofis da sakatare da kuɗin jirgi, don haka ina da ta cewa a kan wanda zai shugabanta. Hukumar duniya kuma tana cewa kowace hukumar ƙasa dole ta yi zaɓenta bisa tsarin mulkinta, ba da hannun gwamnati ba, in ba haka ba a dakatar da ita. Masu bin ƙwallon ƙafa sun tuna yadda FIFA ta dakatar da Nijeriya a 2010, ta sake a 2014, duk a kan wannan magana.

Shekarar 2017 ita ce ta fi zafi. Ma'aikatar wasanni a ƙarƙashin minista Solomon Dalung ta shirya zaɓen hukumomi bisa ƙa'idojinta. A ƙwallon kwando sai aka wayi gari da shugabanni biyu, an zaɓi Tijjani Umar a Kano, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja, aka shafe shekaru ana ja-in-ja. Zari-ruga ma bai tsira ba. Kelechukwu Mbagwu, wani ɗan kasuwar gine-gine na Legas da ya daɗe yana kashe wa wasan kuɗinsa, shi ya karɓi shugabanci bayan Edward Fom. Saɓani tsakanin majalisarsa da ma'aikata ya yi tsanani har Rugby Africa ta dakatar da Nijeriya. Sai daga baya, a ƙarƙashin shugabancin Dokta Ademola Are, ƙura ta lafa aka koma fili.

Mai karatu ya tsaya ya yi lissafin abin da dakatarwa take nufi. Shugaban da aka tuɓe yana da sana'arsa, wanda aka naɗa ma haka. Minista zai gama wa'adinsa ya tafi. Amma ɗan wasa shekarun ƙarfinsa ba su fi goma ba. Yaron da ya kai ganiyarsa a lokacin da aka rufe wa ƙasarsa ƙofa, ba wanda zai mayar masa da waɗannan shekaru. Ya yi atisaye a banza, ya karye a banza, ƙarshenta ya koma acaɓa ko dako. Waɗanda ba su da ƙuri'a a rigimar su ne suka biya kuɗinta.

Ita kanta gwamnatin ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka rushe ta a zamanin Buhari aka mai da aikinta ma'aikatar matasa da wasanni, sannan a watan Oktoba 2024 Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni ya dawo da hukumar, ya naɗa Shehu Dikko ya shugabance ta. Duk sanda aka yi irin wannan juyi, ƙananan hukumomi irin NRFF sai sun koma sun fara koyon ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Inda wasan yake numfashi

Abin da ya hana wasan mutuwa duk da wannan hargitsi shi ne kulob-kulob. A Legas akwai Cowrie da Racing da ƙungiyar 'yan sanda, akwai kuma gasar bakwai-bakwai da aka saba yi lokacin bikin samun 'yancin kai. A Arewa kuwa Kano ce cibiya. Kulob ɗin Barewa ya yi suna a duk ƙasar, kuma sirrinsa ba wani ɓoyayye ba ne: yara yake ɗauka tun suna ƙanana daga unguwanni da makarantu, ya rene su a cikin wasan, ana kuma shirya gasar matasa a Kano da ke tara yara daga garuruwa daban-daban. Da Barewa da ƙungiyoyin Zariya da Sabon Gari da Kaduna da Jos aka riƙa yin gasar Arewa, kamar yadda na Legas suke da tasu ta Kudu maso Yamma. Raba gasar gida biyu dabara ce ta dole, don kuɗin motar mutum 25 daga Kano zuwa Legas da dawowa ya isa ya karya ƙaramin kulob.

Akwai wani abin takaici kuma abin alfahari a lokaci guda. 'Ya'yan Nijeriya sun daɗe suna haskakawa a wannan wasa, amma da rigar Ingila. Chris Oti ya kai ƙwallo bayan layi har sau uku a wasa ɗaya da Ailan a 1988. Andrew Harriman, haifaffen Legas, shi ne kyaftin ɗin Ingila da ta ci kofin duniya na bakwai-bakwai a 1993. Victor Ubogu, shi ma haifaffen Legas, ya buga musu kofin duniya na 1995. A 2025 kuma aka naɗa Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, kyaftin ɗin Ingila, a shekarar kuma ya jagoranci haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ailan zuwa Ostireliya. Jinin ɗaya ne da na yaran Fagge da Tudun Wada. Bambancin shi ne su sun tashi inda akwai makaranta mai fili da koci, da kulob da zai karɓe su idan sun gama. Ita ma ƙungiyar ƙasarmu takan nemo 'yan wasa daga Ingila idan gasa ta matso. Ba laifi ba ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maƙwabtanmu na Afirka sun nuna abin yana yiwuwa. Afirka ta Kudu, inda aka shafe kusan ƙarni guda farare da baƙaƙe kowa da hukumarsa, ta haɗe su wuri ɗaya a 1992, ta ci kofin duniya a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, biyun ƙarshe a ƙarƙashin baƙin kyaftin Siya Kolisi. Kwaddibuwa ta je kofin duniya a 1995. Zimbabuwe da ta lallasa mu a 1987 ta doke Namibiya a Kampala a 2025, ta sami gurbin zuwa gasar 2027 a Ostireliya.

Ina Kafanchan a cikin wannan lissafi?

A tsarin hukumar, duk kulob ɗin da aka kafa a nan ta Kaduna zai bi, a shiyyar Arewa maso Yamma, ko da yake Jos ta fi kusa da mu kuma ita tana shiyyar Arewa ta Tsakiya. Wannan ma riba ce, abokan karawa ta ɓangare biyu. Muna da abin da Kano ba ta da shi, wato ruwan sama mai yawa da ciyawa ta wata da watanni. Muna da filin wasa na gari, da filayen makarantun sakandare, da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya inda ake horar da malamai. Akwai kuma nau'in wasan da ake koya wa yara ba tare da kayarwa ba, inda ake soke ƙyalle a ƙugu, wanda ya fizge ƙyallen ya tsayar da kai. Wannan ko a kan daɓe ana yinsa, maza da mata.

Wani abin da ya sa nake ganin ya dace da garinmu shi ne yadda wasan yake buƙatar kowane irin jiki. Ƙaton da ake yi wa dariya a filin ƙwallon ƙafa shi ne ginshiƙi a turereniya. Dogo shi ake ɗagawa sama ya cafe ƙwallo. Gajere mai wayo shi ke rarrabawa, siriri mai gudu yana jira a gefe. Kuma tunda ba a jefa ƙwallo gaba, duk gwanintarka sai ka sami wanda ke biye da kai a baya. A gari irin namu, inda kowa ya san abin da rarrabuwa ta jawo mana, samun yaran unguwanni daban-daban su sarƙe kafaɗa suna turi wuri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Amma idan za a yi, to a yi shi bisa darasin da tarihin nan ya koya mana. Kada a fara da zaɓen ciyaman da buga takarda mai tambari da zuwa gaisuwa ofis. A fara da ƙwallo biyu, da malamin motsa jiki ɗaya da zai je Kano ko Jos ya koyo, da yara 20 da za su riƙa fitowa duk yammacin Asabar. Kuɗin mota a tara shi kamar yadda iyayenmu suke zubin adashi a kasuwa, kowa ya san abin da ya zuba, kowa ya san inda aka kai shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da suka daɗe, da kuɗin mambobinsu suka daɗe, shi ya sa shugabanninsu suke jin kunyar mambobi. Ranar da aka sami irin waɗannan kulob 50 ko 100 a faɗin ƙasar nan, kowanne yana biyan kuɗin rajistarsa yana riƙe da ƙuri'arsa, ranar ce NRFF za ta sami bangon da za ta zauna a kai, kuma zai yi wuya wani ya rushe ta da takarda ɗaya daga Abuja.

Idan akwai wanda ya taɓa buga wasan a makaranta ko a bariki, ko malamin da yake da sha'awar gwadawa da ɗalibansa, muna son jin ta bakinsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya raya mana matasanmu, amin.